Mutanen Inka Da Igiyoyinsu Masu Ƙulli

Ran nan muna cikin darasin tarihi da 'yan aji biyu, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Gafarta Malam, ai mutanen da ba su iya rubutu ba ba su da tarihi, sai dai tatsuniya." Waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka goyi bayansa, kafin in ba shi amsa sai aka buga ƙararrawa. Tun da ya ke gobe jibi ku ne za ku tsaya gaban yara da alli a hannu, na ga bai kamata maganar nan ta wuce haka nan ba. Don haka na roƙi Edita ya ba ni fili in ba ku labarin wata al'umma wadda ta yi babban mulki ba tare da alƙalami da tawada ba, watau mutanen Inka na Amurka ta Kudu.

Amma bari in fara daga gida. Ni mutumin Keffi ne, a unguwar Liman Abaji aka haife ni. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ita ce uwar adashin matan unguwarmu, ba ta kuwa taɓa shiga aji ba. Tana da wani kirtani rataye a bayan ƙofar ɗakinta, an ɗaɗɗaura masa zaruruwa, kowace mace da nata. In mace ta kawo zubi sai Kaka ta yi ƙulli ɗaya a zarenta. Shekara da shekaru ba a taɓa jin rigima ba. Da ta rasu, bayan sadakar bakwai, aka sauko da kirtanin, mata suka taru suna kallonsa. Ƙulli dai ga shi nan kowa yana iya ƙirgawa, amma wane zare ne na wa, wa ta ɗauka, wa ta rage, duk wannan yana cikin kan Kaka, ta kuwa tafi da shi. Sai da dattawa suka shiga tsakani kana aka rabu lafiya. Ku riƙe labarin kirtanin nan, za mu komo kansa.

Ƙasarsu

In kun duba taswirar Amurka ta Kudu, za ku ga jerin duwatsu sun bi gefen yamma tun daga arewa har kudu, kusa da gaɓar Tekun Fasifik. Su a ke kira duwatsun Andis. A cikinsu ne babban birnin Inka ya ke, sunansa Kusko, a ƙasar da a ke kira Peru yanzu. Tsayinsa daga teku ya kai mita 3,400, watau kusan ninki uku na tsayin Jos. Baƙo in ya je can numfashi kan yi masa wuya kafin ya saba.

Su da kansu suna kiran ƙasarsu Tawantinsuyu, ma'anarsa sassa huɗu da suka haɗu, gama sun raba ta huɗu, hanyoyin sassan duka kuwa a Kusko suka gamu. Sa'ad da mulkin ya kai iyakar ƙarfinsa, tsawonsa ya kai kilomita 4,000, ya fi tafiyar Ikko zuwa Maiduguri sau biyu. Ya taɓa ƙasashe shida na yau: Kolombiya, Ekwado, Peru, Bolibiya, Cile da Ajantina. Masana suna kimanta mutanen cikinsa wajen miliyan goma, kabilu iri iri, kowace da harshenta, amma harshen mulki shi ne Kecuwa.

Ba su da doki, ba su da sa ko jaki, ba su yi amfani da amalanke ba, ba su kuwa san baƙin ƙarfe ba, sai zinariya da azurfa da tagulla. Dabbar dakonsu ita ce lama, 'yar'uwar raƙumi ce amma ƙarama, ba ta da tozo, kayan da ta ke ɗauka bai fi rabin buhun masara ba. A jikin duwatsu su kan gina gonaki hawa hawa kamar matakala, irin yadda mutanen duwatsun Gwoza su ke yi, su janyo musu ruwa ta magudana. Dankalin nan da a ke nomawa a ƙasar Jos, wanda mu ke kira dankalin Turawa, asalinsa na mutanen Andis ne. Turawa dai dako suka yi.

Sarakunansu

Sarautar babban sarkinsu ita ce Sapa Inka, watau Inka makaɗaici. Rana su ke bauta wa, suna kiranta Inti, sun kuma ɗauka sarki ɗanta ne. Bisa ga labarinsu na kaka da kakanni, sarkin farko shi ne Manko Kapak, wanda ya zo da 'yar'uwarsa ya kafa Kusko. Shekaru masu yawa sarautar ba ta wuce kwarin Kusko da kewayensa ba.

Wajen 1438 wata kabila mai suna Canka ta kawo wa Kusko yaƙi. Sarki tsoho ya gudu, amma wani ɗansa ya ƙi gudu, ya tara mutane ya kori abokan gaba. Ya hau gadon sarauta ya ɗauki suna Pacakuti, watau mai juya duniya. Shi ne ya sake ginin Kusko, ya shiga cin ƙasashe. A zamaninsa ne aka gina Macu Picu, garin nan na kan dutse wanda wani Ba'amurke, Hiram Bingham, ya bayyana wa duniya a 1911, bayan manoman wurin sun kai shi.

Ɗansa Topa Inka ya gaje shi wajen 1471, ya kai mulki can kudu cikin Cile. Domin ku gane zamanin, shi da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lokaci ɗaya suka yi, ko da ya ke ba wanda ya taɓa jin labarin ɗan'uwansa. Bayansa sai Waina Kapak wajen 1493, shekarar da Askiya Muhammadu ya hau mulkin Songhai. Na san za ku yi dariya da sunan nan, amma ba wainar shinkafa a ke nufi ba, cikin harshensu kalmar tana nufin saurayi. Ku lura, daga Pacakuti zuwa faɗuwar mulkin ko shekara ɗari ba a cika ba.

Suna da wata al'ada mai ban mamaki. In sarki ya mutu a kan busar da gawarsa a ajiye, a riƙa fito da ita ran biki. Gidajensa da gonakinsa da barorinsa suna nan a matsayin nasa, sauran zuriyarsa ke lura da su. Sabon sarki sarauta kawai ya gada, dukiya kuwa sai ya nemo tasa. Masana da yawa suna ganin wannan yana cikin abin da ya sa kowane sarki ya ke ɗokin cin sabuwar ƙasa.

Yadda Suka Riƙe Ƙasa

Abu na farko hanya. Sun shimfiɗa hanyoyi waɗanda jimlarsu ta kai aƙalla kilomita 30,000, wata ta bi gaɓar teku, wata ta bi kan duwatsu. Inda dutse ya yi tsayi sai su sassaƙa matakala, inda kwazazzabo ya raba hanya sai su tufka igiyoyin ciyawa su yi gada. Akwai irin gadar nan guda ɗaya a kan kogin Apurimak wadda mutanen ƙauyukan wurin kan taru su sabunta a watan Yuni. A bakin hanya akwai zango zango, suna kiransa tambo. Akwai kuma 'yan saƙo masu gudu, sunansu caski, kowane ya yi ɗan gajeren gudu ya miƙa wa na gaba. Ta haka saƙo kan ci wajen kilomita 240 a kwana ɗaya, kamar a ce ya tashi daga Keffi yau da safe, gobe da safe yana Jos, duk da ƙafa.

Abu na biyu aiki. Ba su da kuɗi, saboda haka harajinsu na ƙarfi ne. A kan raba gonakin gari uku: kashi ɗaya na wuraren bauta, ɗaya na sarki, ɗaya na talakawa. Kowane magidanci yana da kwanakin da zai yi wa hukuma aiki, ko noma, ko gini, ko yaƙi, mata kuma su yi saƙa. Wannan su ke kira mita. Ya yi kama da gayya, gama hukuma ce ke ciyad da masu aikin, sai dai gayya ganin dama ce, mita kuwa tilas. An kasa magidanta goma goma, ɗari ɗari, dubu dubu, har dubu goma, kowane kashi da shugabansa, kamar yadda mu ke da mai unguwa da dagaci da hakimi.

Abu na uku rumbu. Sun gina rumbuna jeri jeri a gefen duwatsu inda iska ke kaɗawa, suka cika su da masara da tufafi da makamai. A wani gari mai suna Wanuko Pampa kaɗai an ƙirga kusan 500. Dankali kuwa su kan shanya shi cikin sanyin dare ya daskare, da rana su tattake shi ruwan ya fita, ya bushe ƙayau, ya yi shekaru bai lalace ba. Daga rumbunan nan a ke ciyad da mayaƙa, in kuma fari ya zo a buɗe wa talakawa.

Gininsu ma abin a jinjina ne. Su kan sassaƙe manyan duwatsu su haɗa su ba laka, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakani. Sifaniyawa sun gina coci a kan babban ɗakin bautar rana na Kusko. Da aka yi girgizar ƙasa a 1950, ginin cocin ya lalace ƙwarai, bangon Inka na ƙarƙashinsa kuwa yana nan tsaye.

Kada dai in sa ku zaci mulkin adalci ne zalla. Kabilar da ta yi taurin kai a kan kwashe ta ɗungum a kai ta wata ƙasa mai nisa, a kawo waɗansu a zuba a wurinta. Su kan kuma yi hadaya da yara. A 1999 an sami gawawwakin yara uku a ƙwanƙolin wani dutse a kan iyakar Ajantina da Cile, sanyi ya tsare su kamar barci su ke. Malamin tarihi ya kamata ya faɗi wannan kamar yadda ya faɗi wancan.

Kipu

To, yaya a ke sanin yawan magidanta, da wanda ya yi aikinsa, da abin da ke cikin kowane rumbu? Nan ne kirtanin Kaka ya komo. Mutanen Inka suna da irinsa, amma an tsara shi ƙwarai, sunansa kipu. Igiya ce guda mai kauri, an rataya mata zaruruwan auduga ko na gashin dabba, launi iri iri, wani lokaci har ɗaruruwa. A 1912 wani malami Ba'amurke, Leland Locke, ya nuna cewa lissafin ƙullin goma goma ne kamar namu. Ɗaiɗai suna can ƙasan zare, gomomi a samansu, ɗaruruwa a sama da waɗannan. Gomomi da ɗaruruwa ƙulli ne sassauƙa, a jera iyakar adadin da a ke so. A gidan ɗaiɗai kuwa ƙulli ɗaya a ke yi mai naɗi da yawa, naɗi biyu zuwa tara, ɗaya kuma yana da nasa ƙullin dabam. In aka bar wuri fayau ba ƙulli, sifiri ke nan.

Ga misali, in kana so ka ƙulla 1902, sai ka yi ƙulli ɗaya a can sama, ka sauko ka yi tara, ka bar fili, sa'an nan a ƙasa ka yi ƙulli mai naɗi biyu. Ku gwada da 'yan firamare, za ku ga sun gane matsayin lamba da amfanin sifiri fiye da yadda su ke ganewa a allo.

Akwai ma'aikata na musamman masu riƙon kipu, su ke ƙullawa, su ke karantawa. Sifaniyawan farko sun rubuta cewa mutanen nan kan riƙe kipu su zayyano sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu, har a kan karɓi shaidarsu a gaban shari'a.

Faɗuwarsu

Wajen 1527 wata annoba, wadda a ke kyautata zaton agana ce, ta shigo ƙasar tun kafin Turawan da suka kawo ta nahiyar su iso. Ta kashe Waina Kapak, ta kashe ɗan da aka zaɓa ya gaje shi. Sai 'ya'yansa biyu suka tashi wa juna, Waskar a Kusko, Atawalpa a arewa wajen Kito. Aka yi basasa mai tsanani, a 1532 mayaƙan Atawalpa suka kama Waskar.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A daidai lokacin nan Faransisko Pizaro ya hawo duwatsu da mutum 168, 62 a kan dawaki. Atawalpa yana da mayaƙa dubbai, bai ga abin tsoro a 'yan tsirarun nan ba. Ran 16 ga Nuwamba, 1532, ya shiga dandalin garin Kahamarka a kan makararsa ta sarauta, da jama'a mafi yawansu ba makami. Wani limamin Kirista ya fito da tafinta ya yi masa wa'azi, ya miƙa masa littafi. Atawalpa ya duba ya jefar a ƙasa. Nan da nan aka buga bindiga, mahayan da suka ɓuya suka fito. Mutanen da ba su taɓa ganin doki ba suka ruɗe, aka karkashe dubbai, aka kama sarki.

Atawalpa ya yi alkawarin cika ɗaki guda da zinariya, ya cika shi sau biyu da azurfa, don ya fanshi kansa. Yana tsare ya aika aka kashe Waskar. Aka kawo dukiyar, Sifaniyawa suka narkar, zinariya ta kai wajen tan 6, azurfa wajen tan 12. Duk da haka suka shaƙe shi ran 26 ga Yuli, 1533, a watan Nuwamba kuma suka shiga Kusko. Kada ku ɗauka mutum 168 ne kaɗai suka yi wannan aiki. Kabilun da Inka suka danne, irin su Kanyari da Wanka, da mutanen Waskar, su suka mara musu baya. Wani ɗan sarki, Manko Inka, ya yi tawaye a 1536, ya janye cikin daji ya kafa sarauta a Bilkabamba, har 1572 sa'ad da aka kama na ƙarshensu, Tupak Amaru, aka sare kansa a Kusko. Mita kuwa sababbin masu mulki suka riƙe ta, suka mai da ita aikin tilas a ramukan azurfa na Potosi, inda mutane da yawa suka hallaka.

Mu ma mun san irin wannan tsagewar bango. Rigimar gadon sarauta ta raunana Songhai kafin bindigogin Maroko su karya ta a 1591. Kano ta yi basasar Tukur da Yusufu daga 1893 zuwa 1895, bayan shekara takwas Turawa suka shige ta.

Amsar Tambayar

A 1583 taron manyan coci a Lima ya ba da umurni a lalata kipun da suka shafi tsohon addini. Masu riƙon kipu suka yi ta mutuwa, ba su sami magada ba. Yau akwai kipu wajen dubu a gidajen ajiye kayan tarihi na duniya. Masana suna karanta lambobin da ke jikin mafi yawansu, amma waɗanda a ke zaton labari ne a ƙulle, har yanzu ba wanda ya karanta su sosai. Abin da ya sami matan unguwarmu shi ya sami duniya duka.

To, ɗalibina, ga amsarka. Mutanen Inka suna da tarihi, sun kuma ajiye shi da kyau. Abin da ya ɓata shi ne masu karantawa. Saboda haka mafi yawan abin da mu ka sani game da su ya fito daga alƙalamin waɗanda suka ci su da yaƙi. Da sauƙi dai an sami wani mutum, Garsilaso de la Bega, ubansa Basifaniye, uwarsa 'yar gidan sarautar Inka. Yana yaro ya kan zauna wurin dangin uwarsa tsofaffi yana sauraro. Ya bar Peru a 1560, da ya tsufa ya rubuta abin da ya ji, aka buga littafin a 1609. Ko da ya ke ya ƙawata danginsa a wurare da dama, da bai saurara ba da an yi hasara babba. Jama'ar kuma ba su ƙare ba, miliyoyin mutane suna magana da Kecuwa, Peru ma ta sa shi cikin harsunan hukuma a 1975.

Yanzu ku tuna da lambar da mu ka ƙulla ɗazu, 1902. Ga baƙo lamba ce kawai. Ga mutumin Keffi kuwa ita ce shekarar da Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba, ya tafi Kano wurin Sarki Alu, abin da Turawa suka sa cikin dalilansu na kai wa Kano yaƙi a 1903. A takardun Turawa Magaji mai laifi ne, a bakin tsofaffin garinmu kuwa jarumi ne. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun daɗe da wucewa, waɗanda suka ji daga bakinsu ma kullum raguwa su ke. Haka labarin Abdu Zanga da ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, da labarin yadda kowace unguwa ta sami sunanta. A zauruka da yawa akwai tsofaffin takardun ajami cikin gafaka, gara tana ci, jikokin masu su kuwa boko kaɗai su ke iya karantawa. Takardar da ba mai karanta ta, ina bambancinta da kirtanin Kaka?

Aikin Hutu

Ga abin da na ke roƙon kowane ɗalibi ya yi a hutun nan, ko daga wane gari ya ke.

1. Ka nemi tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a unguwarku, ka je da goro da ladabi, ka tambayi asalin unguwar da sunanta. Ka rubuta yadda aka faɗa maka, kada ka gyara, ka sa ranar da ka ji.

2. Ka tambayi mutum na biyu wannan labarin. Inda suka saɓa ka rubuta duka biyu.

3. In akwai takardun ajami a gidanku, ka nemi izini ka ɗauki hotonsu, ka sami malamin da zai karanta maka, kai ma ka koya.

4. Ka ƙulla shekarar haihuwarka a zare irin na Inka, ka zo da shi aji.

Ni ma ban tsira ba. Shekara goma sha biyar na yi ina shiga ɗakin Kaka ina fita, ban taɓa cewa ta nuna mini wane zare ne na wa ba. In Allah ya kai mu hutu, Liman Abaji zan nufa da littafina, in mun komo sai mu gwada abin da kowa ya samo. Allah ya ba mu sa'a, amin.